Fatalwa a Shafi na Bakwai

Ranar da Taswira ya ajiye aiki a kamfanin sabulu, ya miƙa katin shaida yana dariya, ya miƙa makullin mota yana tsokanar wanda zai gaje shi. Sai da jami'in ma'aikata ya ce, "Saura waya," sannan dariyar ta ɗauke. Shekara tara wayar nan tana aljihunsa, har ya manta ba tasa ba ce. Lambobin masu shaguna sun fi ɗari uku a cikinta, kowa da sunan da ya raɗa masa. Ya zaro ta ya ɗora a tebur, ya fito yana shafa aljihu.

Abokan aiki ne suka sa masa Taswira, don babu lungun da bai sani ba a garin. In sabon direba ya ɓata shi ake kira, ya ce a wuce mai faci, a karya hagu wurin famfon da ya lalace, shagon yana nan mai ƙofar ƙarfe shuɗiya. Sunan ya bi shi har gida. Kuma gaskiya a faɗa, sunan ya shiga kansa fiye da kima. Mutum ne mai kirki da sakin hannu, amma ka kuskura ka ce akwai wurin da bai sani ba, to ka jawo wa kanka musu har rana ta faɗi.

Kamfanin ne ya buɗe wa tsofaffin masu kai kaya ƙofa. Wanda yake so ya ajiye aiki, ya karɓi kuɗin sallama, ya zama dila mai cin gashin kansa: ya sari kaya a farashin dila, ya sayar inda ya ga dama, riba tasa. Sharaɗi ɗaya ne, har shekara guda ba zai taɓa shagunan da ya saba kai wa kaya ba, waɗannan na kamfani ne. Taswira ya sa hannu ko karatu na biyu bai yi ba. Ya sayi akori-kura ta hannu da kuɗin sallamar, ya sari katan ɗari biyar da abin da ya rage, ya jibge su a falon gidansa tunda bai kama sito ba tukuna.

Cikin sati uku ya gane sanin hanya daban, sanin wanda zai saya daban. Zai tsaya ƙofar shago ya rangaɗa sallama, a tarbe shi da fara'a, a gaisa har da tambayar iyali, sannan a ce masa, "Kash, ai jiya motar kamfani ta sauke mana." Wani wurin kuma mai shagon ba ya nan, matarsa ce ko ƙaninsa, ba su da ikon saye, kuma ba za su ba baƙo lambar maigida ba. Ya ƙona mai, ya sha rana, ya dawo da kaya yadda ya fita da su.

Gida kuwa ya zama abin da ya zama. Kwalaye sun kusa taɓa rufi, an tura kujeru jikin bango, talabijin ta koma ɗakin kwana, sai 'yar siririyar hanya da ake bi a kaikaice. Yara suna ta atishawa. Ruwan shan gidan ma ƙamshin sabulu yake, abinci kuwa ba a magana.

"Baban yara," matarsa ta ce wata safiya tana share wa ƙaramarsu hanci, "ni dai ban ce komai ba. Amma in baƙi suka zo, a kan na wanka zan zaunar da su ko a kan na wanki?"

Ya yi dariyar yaƙe. Tsoro ne fal cikinsa, tsoron ranar da zai koma ya roƙi aikin da ya bari yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya san maganin matsalarsa, ya kuma san inda yake. A kwamfutar ofis akwai abin da ma'aikata ke kira takardar zagaye: sunan kowane shago a garin, lambar mai shi, katan nawa yake ɗauka, da ranar da kayansa ke ƙarewa. Mai wannan takarda ba sai ya yi yawon banza ba, ya dai riga motar kamfani isa da kwana ɗaya, shi ke nan. Mutum huɗu kacal ke da izinin buga ta, kuma doka ce a rubuce, duk wanda ya fitar da ita daga ofis ya kori kansa. Ɗaya daga cikin huɗun nan ƙanwarsa ce, autar gidansu.

Shekarar Auta biyar tana akawu a sashen ciniki. Tun da aurenta ya mutu ta dawo wurin mahaifiyarsu da 'ya'yanta biyu. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma aikin yana da katin asibiti, kuma a kan katin nan Mama take: maganin hawan jini, na sukari, da ganin likita duk wata. Bakin mutum huɗu da lafiyar tsohuwa, duk a wuyan aikin nan suke rataye. Taswira ya fi kowa sanin haka.

Ranar Asabar da hantsi ya je gaida Mama. Ya zauna ta yi masa addu'ar kasuwa, ya amsa da amin yana kallon ƙofa, sannan ya zagaya baya. Auta tana bakin famfo tana wanke kayan makarantar yara.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya kasuwa?"

"Kasuwa ai tana cikin kwamfutarki."

Ta ɗago ta dube shi, kumfa har gwiwar hannu. Ba ta tambaye shi me yake nufi ba.

"Yaya, don Allah kar ka faɗa."

"Ban faɗi komai ba tukuna."

"To kar ka faɗa. In ka faɗa ban san yadda zan ce maka a'a ba."

Mai hankali da nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya jawo bokiti ya kifa ya zauna, ya shiga jero mata hujjoji. Ai ba sata ba ce, tunda kayan kamfanin dai zai sayar. Ai wasu sunayen ma shi ya kawo su da ƙafarsa. Ai sau ɗaya ne, ba zai sake ba.

"Katin Mama fa?" ta ce.

"Wa zai sani? Ni zan faɗa, ko ke?"

Ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita tas. Sai ya jefo maganar da bai taɓa zaton za ta fito daga bakinsa ba.

"Auta, wa ya ɗauki takardunki ya kai teburin Manaja? Sau nawa na koma kafin a kira ki?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin ruwa.

"Kai ne, Yaya."

Gori ne, kuma ya san gori ne. Kunya ta kama shi tun kafin ya tashi daga kan bokitin, amma bai janye maganar ba.

Bayan kwana uku ta zo da yamma daga ofis, da leda a hannu. Kayan da suka yi wa 'yarta kaɗan ne ta kawo wa ƙaramarsa, a ƙarƙashinsu kuma shafi goma sha ɗaya a ninke. Matarsa ta yi ta yi da ita ta shigo ta sha ruwa, ta ce sauri take. A bakin ƙofa ta rage murya.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Kar ka kira kowa a waya. Ka je da ƙafarka. Shagon da ka gani da idonka ka shiga, wanda ba ka gani ba ka bar shi."

"Saboda me?"

"Ana cewa akwai fatalwa a ciki. Shagon da babu shi a duniya, Manaja ne yake sakawa, lambar kuma tasa ce. Ban san wanne ba ne. Ban ma san ko gaskiya ne ba, amma hankalina bai kwanta ba."

Taswira ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Auta. Shekara tara ina jin tatsuniyar nan, don a tsorata sababbin shiga ne. Kuma ko da akwai, ni za a ɓoye wa shago a garin nan?"

"Ka dai yi mini alkawari."

"Na yi."

Takardar ta yi aiki, har abin ya ba shi tsoro. In an rubuta kayan mutum suna ƙarewa Alhamis, Laraba da safe akori-kurar Taswira tana ƙofarsa. Zai kira mai shago da sunansa, ya ce, "Na san na wanki ya kusa ƙare maka, ga katan goma sha biyu," mai shago ya buɗe baki yana tambayar ko duba yake yi. Ya ɗan rage farashi, ya ƙara da fara'ar da Allah ya ba shi. Cikin sati biyu kwalaye suka sauko daga rufi, darduma ta sake bayyana, talabijin ta dawo falo. Ya koma kamfani ya sake sari, masu lodi suna yi masa kirari, yana zaro musu na shayi. A tagar sashen ciniki ya hango Auta kanta a sunkuye. Bai shiga ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Alkawarin kuwa ba a rana ɗaya ya karye ba. Da farko ya tsaya gaban wani shago a rufe, ya ce ai ga shi na gani da idona, ya kira, mai shi ya zo ya buɗe. Sai wani da ya tarar an mayar da wurin ɗakin aski. Ya tambayi mai askin, aka ce sun tashi, ya kira, aka kwatanta masa sabon wurin, ya sayar da katan takwas. Babu abin da ya faru. Daga nan kiran ya zama jiki. Yana bin takardar da biro yana yi wa kowane suna maki, sun haura ɗari da arba'in, duk mutane ne masu rai da haƙora. Ya tabbatar wa kansa fatalwa labarin ofis ce.

A tsakiyar shafi na bakwai akwai layin da ya tsaya masa a rai: Shagon Sannu-Sannu, layin bayan gidan mai, katan sittin duk Laraba. Katan sittin! Wanda yake ɗaukar haka ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne, shi kaɗai ya isa ya riƙe dila. Amma ba kuɗin ne suka fi ci masa rai ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne a ce akwai shago mai girman nan a garin, shi Taswira bai taɓa jin sunansa ba.

Gidajen mai uku ne a shiyyar. Ya bi bayan na farko layi-layi, sai gareji da gidajen haya. Bayan na biyu makaranta ce da fili. Kwana biyu ya kashe a haka, yana barin cinikin da yake hannu yana bin wanda bai gani ba. Ranar Talata ya tsaya bayan na uku, ya tambayi tela, tela ya girgiza kai. Ya tambayi mai faci.

"Sannu-Sannu?" Mai faci ya sosa ƙeya da hannun da ya yi baƙi. "Kamar dai na taɓa ji. Akwai wani sito can ciki da manyan motoci ke shiga, ko shi ne? Ban dai tabbatar ba."

Mutumin bai san komai ba, kunyar cewa bai sani ba ce kawai, irin wadda Taswira ya kamata ya fi kowa ganewa. Amma abin da yake son ji ke nan. Ya koma mota, ya ja ta ƙarƙashin wata bishiya. Maganar Auta ta faɗo masa, ya ture ta. Ya ce a ransa, wanda zai ɓoye tarko ai ƙarami zai yi wanda ido ba zai kai ba, ba katan sittin ba. Gobe Laraba, in bai samu shagon yau ba motar kamfani ta riga shi. Ya danna lambar.

Ta yi ƙara sau huɗu, aka ɗauka. Ba a yi magana ba, sai numfashi.

"Salamu alaikum, Shagon Sannu-Sannu ne? Ranka ya daɗe, dilan sabulu ne, ana ce mini Taswira. Na san gobe ne ranar kayanka, katan sittin. Ina da su a ƙasa, kuma zan sauke maka ƙasa da yadda kamfani ke ba ka. Ina nan bayan gidan mai, kwatance kawai nake so."

 Sannan wata murya mai sanyi, wadda ya shekara tara yana ji kowace safiyar Litinin, ta ce, "Taswira. Ina wuni? Ya kasuwa?"

Muryar Manaja ce.  Aka kashe wayar daga can.

Ya kira Auta, ba ta shiga ba, sai ya tuna ma'aikatan sashen ciniki a akwati suke barin wayoyinsu har a tashi. Ya tayar da mota. Shi da bai taɓa ɓata a garin nan ba, ranar sai da ya wuce kwanar kamfani ya dawo da baya. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa, yana rushewa. A harabar kamfani ya bar motar a buɗe da makulli a jiki, masu lodi suna gaishe shi bai ko waiwaya ba.

Manaja siririn mutum ne mai tabarau, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, shi ya sa ake tsoronsa. Yana zaune yana zuba shayi daga fulas. A kan tebur, gefen faranti, ga wata tsohuwar ƙaramar waya mai madannai.

"Shigo, Dila. Zauna."

Taswira bai zauna ba. "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni kaɗai."

"Ban tambaye ka ba tukuna." Manaja ya kurɓi shayi. "Mutum huɗu ke buga takardar nan, kowa da fatalwarsa. In wannan ya buga, wani shago ne zai fito, in wancan ya buga, wani daban. Sannu-Sannu ba ya fitowa sai a hannun mutum ɗaya. Shekara biyar wayar nan ba ta yi ƙara da sunan shagon ba, har na fara alfahari da yarinyar."

"Sace ta na yi. A jakarta na gani, ba ta sani ba."

"Me ya kai ta jakar?"

Taswira ya fara lalubo wata ƙaryar, Manaja ya ɗaga masa hannu.

"Kar ka wahalar da kanka. Na kira ta tun kana hanya. Tambaya ɗaya na yi mata, ta ce ita ta buga, ita ta fitar. Na ce wa ya sa ki, ta ce babu wanda ya sa ta."

Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya zauna a bakin kujera.

"Ni na sa ta, ranka ya daɗe. Gori na yi mata. Ta roƙe ni ban ji ba. Mahaifiyarmu a kan katinta take, in aka yanke katin nan ban san yadda za mu yi ba. Ka hukunta ni. Ka soke dilancin, ka hana ni kaya, ka kai ni duk inda za ka kai ni. Ita dai ka bar ta."

Manaja ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugunta a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Da wace doka zan hukunta ka? Ka manta ka ajiye aiki? Ba ka cikin littafin ma'aikata, ba ni da abin da zan kore ka daga kai. Sharaɗinka ɗaya ne, kar ka taɓa tsofaffin shagunanka, kuma ba ka taɓa ba, na duba."

"To ka hana ni sari."

"Katan ɗari huɗu ka fitar cikin sati biyu. Babban ofis ya aiko yana tambayar wane ne sabon dilan nan. In rubuta musu in ce me, na hana mutum sayen sabulunmu don ya iya sayarwa?" Ya mayar da tabarau. "Kai kwastoma ne yanzu, Taswira. Ba ma korar kwastoma."

"Ko dakatarwa ce a yi mata, wata ɗaya, wata biyu. Ko a mayar da ita wani sashe."

"Sauran ukun suna kallo. In na bar ta, gobe takardar nan a bakin titi za a riƙa sayar da ita. Har ƙarshen wata katin zai yi aiki, wannan na roƙa mata, kuma iyakar abin da zan iya ke nan."

Taswira ya zaro shafukan daga aljihu, sun yi laushi, duk makin biro. Ya ɗora a tebur da hannu biyu, kamar mayar da su zai gyara wani abu. Manaja ya tura masa su da yatsa ɗaya.

"Riƙe abarka. Na san ka, ka riga ka haddace ta."

Ya fito. A harabar ya tarar masu lodi sun yi masa gwaninta. Sun ga motarsa babu kaya, mai sito kuma ya san Taswira ya riga ya biya sarin wannan sati, sai suka loda masa ba tare da ya ce ba. Bayan akori-kurar ya cika taf, an ja tamfol an ɗaure da igiya.

"Dila na dilolin! An gama, sai tafiya," babbansu ya ce yana kakkaɓe hannu. Da ya ga fuskar Taswira sai ya haɗiye sauran kirarin ya ja baya.

Sannan ƙofar sashen ciniki ta buɗe. Auta ta fito da jakarta a kafaɗa da wata leda a hannu, tana tafiya daidai, ba sauri ba ja da baya. Ma'aikata suna leƙe ta taga suna komawa. A bakin get Baba mai gadi ya taso daga bencinsa. Dokar kamfani ce duk wanda aka sallama sai an duba kayansa. Tsohon nan kullum Auta ce ke karanta masa saƙonnin wayarsa, yau ga shi tsaye gabanta yana kallon ƙasa.

"'Yata, ki yi haƙuri. An ce in duba."

"Duba, Baba. Aikinka ne."

Ta buɗe masa da kanta. Kofin shayi, silifas ɗin da take sawa a ƙarƙashin tebur, cajar waya, 'yar matashiyar da take jingina bayanta, da kalandar tebur da yaranta suka yi wa zane. Baba ya ɗan taɓa bakin ledar da yatsa ya ce ya gani. Taswira yana tsaye taku goma daga wurin, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya tayar da mota ya bi ta waje, ya tsaya gefenta a bakin titi, ya fito.

"Auta."

Ta tsaya. Idonta a bushe yake, da ma ta yi kuka da ya fi masa sauƙi.

"Na je na same shi. Na ce ni ne, na roƙe shi ya ɗora a kaina. Wallahi na roƙe shi."

"Na sani, Yaya. Na gan ka ka shiga."

"Maganin Mama ni zan riƙa saye, duk wata, ba fashi. Ke kuma ki zo mu yi aiki tare, da ma ina bukatar wanda zai riƙe mini ofis. Zan kama sito, zan biya ki fiye da nan."

 Ta gyara riƙon ledar.

"Ka je wurin ba ka ga shagon ba?"

"Kwana uku ina nema."

"Ba ka gan shi ba, ka kira."

"Na kira."

Ta gyaɗa kai a hankali. Motoci suna wucewa, wani ya yi masa oda don ya tare hanya.

"Mama kar ta ji daga bakinka," ta ce. "Ni zan san abin da zan faɗa mata. Zan ce rage ma'aikata aka yi."

"Auta, ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"Kai yayana ne. Me zan ce?"

Ya zagaya da sauri ya buɗe mata ƙofar gaba, ya kwashe takardun da ke kan kujera, ya goge ƙurar da hannun rigarsa.

"To shigo in kai ki gida. Rana ta yi zafi, ga kaya a hannunki."

Ta dubi kujerar da babu kowa a kai, ta dubi kwalayen da aka ɗaure a baya har sun fi kan motar tsawo.

"Motar ta cika, Yaya," ta ce.

Ta tsallaka titi zuwa inda ake jiran bas, ta shiga bayan layi. Shi kuwa yana nan tsaye riƙe da ƙofar a buɗe, har bas ta zo ta tafi da ita.